Kunya da Talla: Shin Marubuci Zai Iya Yabon Hajarsa?

Kwanakin baya mun raka wani ɗan'uwa tashar Mando, nan Kaduna, zai hau motar Ikko. Muna zaune muna jiran mota ta cika sai ga wani mai maganin gargajiya da lasifikarsa, yana rantsuwa cewa garin da ke cikin ƙullinsa yana kashe basir da shawara da sanyin ƙashi, har da mantuwa. Kafin minti goma ya sayar da ƙulli bakwai. Can gefe kuma ga wani saurayi rungume da jaka, ya kewaya motar sau uku bai ce uffan ba. Da muka kira shi muka tambaya, ashe littafinsa ne na farko a ciki, kwafi hamsin, ya biya kuɗin bugawa da abin da ya tara na koyarwa a wata makarantar kuɗi. Muka ce to me ya hana ka magana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, kunya nake ji. Ai yabon kai jahilci ne."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mana yawo a zuci, domin kuwa mu ma da ita aka yi mana tarbiyya. An koya mana cewa ɗan halas ba ya faɗin alherinsa da bakinsa, kuma Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Najmi, ya hane mu tsarkake kawunanmu. To idan haka ne, ina matsayin marubucin da ba shi da mai yi masa talla sai shi kansa?

Iyayenmu na farko a wannan fage ba su gamu da wannan matsala ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, hukuma ce ta buga, hukuma ce ta kai makarantu. Haka aka ci gaba a Zariya, daga Kamfanin Gaskiya a 1945, zuwa NORLA, zuwa NNPC a 1966. Marubuci ya miƙa rubutunsa ya koma gida, manhajar makaranta ita ce dillaliyarsa. Watau kunyarsu ba ta jawo musu asarar ko kwabo ba.

Da tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan jarrabawa, sai ƙofa ta rufe. A nan ne wasu samari da mata suka ce ba za su jira ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙaramar yarinya, ta fito da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙungiyar da suka haɗu a cikinta a Kano sunanta Raina Kama, kuma duk Bahaushe ya san ƙarashen karin maganar. Da Ibrahim Malumfashi ya kira abin da suke yi Adabin Kasuwar Kano, da yawa sun ji zafi, amma mu a ganinmu sunan ya faɗi wata gaskiya: a kasuwa aka haifi wannan adabi, kuma wanda ya je kasuwa ya yi shiru yunwa ce za ta raka shi gida. Nan Kaduna ma, da Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, ai yarda ya yi cewa akwai masu karatun da za su ciro kuɗinsu su sayi labarin 'yan wasan Hausa, a lokacin da 'yan boko da dama ke ganin abin wasan yara ne.

Saboda haka mun fara karkata ga cewa saurayin nan na tashar Mando bai fahimci karin maganar da ya kawo ba. Annabi Yusufu, alaihissalam, da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci amanarsa da saninsa. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa mutum yana iya faɗin abin da ya iya idan ba a san shi ba, kuma akwai amfanin jama'a a ciki. Abin lura shi ne, abin da ya faɗa abu ne da za a gwada a gani, shekarun fari na tafe, ko dai hatsi ya isa ko kada ya isa. Marubucin da ya ce, "Labarin wata bazawara ne da 'ya'yanta huɗu, karanta shafin farko, idan bai riƙe ka ba ka maido mini," bai yabi kansa ba. Ya dai buɗe bakin buhu ne domin mai saye ya duba.

To amma kada mu yi saurin wanke kanmu, 'yan'uwa marubuta. Da yawanmu da muka jefar da kunya ba irin Annabi Yusufu muka koma ba, irin mai lasifikar nan muka koma. Mun ga bangon littafi an rubuta "fitaccen marubuci" alhali wannan ne na farkonsa. Mun ga labarin da bai wuce littafi ɗaya ba an ja shi kamar danƙo ya zama na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke shi daidai inda amarya ta suma. Mun halarci bikin ƙaddamarwa inda aka shafe awa uku ana kirarin babban baƙo, ya sayi kwafi ɗaya da kuɗin da zai buga dubu, ba kuwa zai taɓa buɗe shi ba. Yanzu kuma da kasuwar ta koma Facebook da WhatsApp, sai ka ga mutum ya tara abokai su yi ta zuba masa yabo a ƙarƙashin babin da shi kansa bai sake karantawa ba. Wannan ba yarda da kai ba ce. Mu dai mun lura, wanda ya fi kowa ƙara a kan littafinsa sau da yawa shi ya fi tsoron a karanta shi a tsanake.

Akwai kuma wani wuri da kunya ta fi cutar da mu, ba a cika maganarsa ba, wato wajen karɓar haƙƙi. Mun taɓa ba wani dillali kwafi ɗari biyu a kan sai an sayar, ba takarda, ba shaida, don kada ya ce ba mu yarda da shi ba. Shekara ta zagayo muna zuwa muna gaishe shi, mu tambayi iyali, mu tashi ba mu ambaci kuɗi ba. 'Yan fim ma sun sha irin wannan a zamanin kaset, lokacin da furodusa ke buga kwali ya kai wa 'yan kasuwa, su su kwafi fim ɗin, shi kuma ya zauna jiran ciniki. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ashe abin da muke kira kawaici a nan saɓa wa umarni ne, kuma 'ya'yanmu ne suka biya kuɗinsa.

Saurayin nan dai mun karɓi kwafi ɗaya muka duba. Akwai kurakuran ɗab'i, ƙugiyoyin ƙ da ɗ duk sun zube a wajen bugawa, amma shafin farko ya riƙe mu. Muka ce ya tsaya a bakin tagar mota ya karanta sakin layi biyu da ƙarfi, kada ya ƙara komai nasa. Muryarsa na rawa ya fara. Wata dattijuwa a kujerar baya ta ce, "Ɗana, ɗaga murya, ba ma ji." Ya ɗaga. Mutum biyu suka saya, na uku ya taya rabin kuɗi, ya juyo ya dube mu, muka kau da kai. Sai muka ji ya ce, "A'a Baba, ba zai yiwu ba, ko kuɗin takarda bai kai ba."