Mutanen Dutse da Mutanen Bakin Teku: Wa Aka Ba Wa Tausayi?

A 1966 kamfanin Hammer na Ingila ya fitar da fim ɗin One Million Years B.C., wanda Don Chaffey ya ba da umarni, aka ɗauke shi a tsibiran Kanari. Abin da jama'a suka fi riƙewa shi ne Raquel Welch sanye da guntun fata, sai dabbobin dinoso da Ray Harryhausen ya ƙera ya riƙa motsa su kaɗan-kaɗan gaban kyamara. Masana kimiyya sun sha dariya, domin dinoso sun ƙare tun shekaru miliyan 66 da suka wuce, ba su taɓa haɗa hanya da mutum ba. Wannan kuskuren mai sauƙi ne.

Babbar maganar tsohuwa ce: shin mugunta ce asalin ɗan Adam, ko zaman duniya ne ya ɓata shi? Thomas Hobbes, a littafinsa Leviathan na 1651, yana ganin in babu hukuma kowa abokin gābar kowa ne. Rousseau kuwa a 1755 ya ɗora laifin a kan mallaka da tsarin zama. Fim ɗin ya raba gardama ta hanyar bai wa kowanne ƙabilarsa.

Mutanen Dutse na Hobbes ne. In an kawo nama, shugabansu Akhoba ke fara ci, raunana su yi ta wawar saura. A kan ƙwaryar nama ɗin nan ya kori ɗansa Tumak, ɗaya ɗan kuma, Sakana, yana jiran ranar da zai ture uban. Mutanen Bakin Teku kuwa na Rousseau ne: suna zane a bangon kogo, suna ƙera māshi, suna jinyar baƙo. Da Loana, 'yar Bakin Teku da Welch ta fito a matsayinta, ta kayar da kishiyarta Nupondi 'yar Dutse a kokawa, 'yan Dutse suka miƙa mata dutse ta ƙarasa ta. Ta ƙi.

To, a dubi kamanninsu. Masu tausayin nan gashinsu fari-fari ne, fatarsu a wanke. Masu ƙetar kuwa baƙin gashi gare su, duk sun yi duƙun-duƙun. Kusan babu magana a fim ɗin, don haka da launi ake gaya wa mai kallo wanda zai so. Baƙin mutum kuwa ko ɗaya ba a gani a cikin ƙabilun biyu, alhali tun 1959 Mary Leakey ta tono ƙoƙon kan nan da ya yi suna a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya ta yau, hankalin masu bincike ya karkata ga Afirka. Lokaci ne da daular Ingila ke naɗe tabarmarta, amma tunanin cewa wayewa daga wajen farare take zuwa bai tashi ba.

A nan ƙissar Habila da Ƙabila ta fi fim ɗin zurfi. Uba ɗaya, gida ɗaya, amma ɗaya ya yi kisa, ɗaya ya ƙi ɗaga hannu. Alheri da sharri zaɓi ne na mutum, ba gadon jinsi ba. Fim ɗin ya mai da su gado, duk da cewa a ƙarshe aman wuta ya lulluɓe kowa da toka har ba a bambanta su.

Ita kanta Welch, wadda aka sa ta zama fuskar farar ƙabila, sunanta na yanka Jo Raquel Tejada, mahaifinta kuma ɗan Bolibiya ne.