Giya a cikin gwangwani: shin mazubi yana canja hukunci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa, a da an san giya da kwalbarta, an san gidan da ake sayar da ita, mai kunya ba ya bin wannan hanya da rana. Yau kuwa giya mai ƙarfi, irin su wiski da jin, ta shiga gwangwani da ƴar leda, ta zauna a firji ɗaya da lemo. Mutane sun yi ca a kan wannan sabon mazubi. Masu shan ta a ƙasashen Turawa wasunsu na cewa gwangwani ya zubar mata da daraja. Iyaye kuma na cewa ya kawo ta hannun yara. To mu, me ya kamata ya dame mu?

Wannan tambaya tsohuwa ce. Lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, Manzon Allah (SAW) ya hana su jiƙa dabino a cikin mazubai huɗu: gora, koren tulu, kututturen dabino da aka fafe, da abin da aka shafe da kwalta, domin jiƙo yana saurin tsimuwa a cikinsu ba tare da mai shi ya farga ba. Daga baya, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, ya sassauta hanin, ya bayyana cewa mazubi ba ya halatta abu ba ya haramta shi, abin da ke sa maye shi ne haramun. Ke nan giya giya ce, ko a kwalbar alfarma ko a ledar dala ashirin. Ya kuma faɗakar cewa wasu daga al'ummarsa za su sha ta suna kiran ta da wani suna.

Amma kada mu yi saurin cewa mazubi ba kome ba ne. Da ba kome ba ne da ba a fara hana shi ba, kuma Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ci gaba da ambaton hanin jiƙo a gora da mai kwalta. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wannan toshe kafar ɓarna. Ku duba: wiski yakan kai kashi 40 cikin ɗari na barasa, giyar da aka saba sa wa gwangwani kuwa wajen kashi 5. Gwangwani ɗaya na wiski ya yi takwas na waccan, kuma in an fasa shi ba ya rufuwa, sai a shanye. Leda kuwa tana shiga aljihun ɗan makaranta da na direba. Shi ya sa Tanzaniya ta hana giyar leda a 2017, Uganda a 2019, a Najeriya kuma hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hanin leda da ƙananan kwalabe a farkon 2024, masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga suna kukan asarar aiki. Abin da ya cika kasuwar maƙwabci, ba wuya ya iso Dan Issa ko Magarya.

Abin da mazubin ya kashe shi ne kunya. Saurayi na iya riƙe gwangwani a gaban mahaifinsa, a zaci lemo ne. Nan ɗan'uwa mai butik ya tsaya ya yi wa kansa hisabi: tsinuwar da ta zo a hadisi game da giya ta haɗa da mai sayarwa da mai dako da mai cin kuɗinta. Cewa “ban karanta jikin gwangwanin ba” ba uzuri ba ne ga wanda ya san farashin kowane katan. Harshen da ke jan wuridi da asuba, da wane abinci ake ciyar da shi?

Akwai kuma tarko ga mu masu fushi. In ledar talaka ta tayar mana da hankali, amma kwalbar mai kuɗi ba ta dame mu ba, to ba giyar muke ƙi ba, talaucin muke ƙyama. Mu ma mazubai ne: rawani da carbi na iya rufe girman kai, shi ma maye ne. Wani sahabi an sha yi masa haddi saboda sha, da wani ya tsine masa sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Saboda haka mu fitar da gwangwanin daga shagunanmu, amma kada mu rufe wa yaron da ya faɗa masa ƙofar zawiya.

Allah ya tsarkake zukatanmu da dukiyoyinmu, ya shirya mana zuriya, albarkacin Annabi (SAW). Amin.