Haƙuri da Motsi: Matsayin Mai Ciwon Mahaɗar Kwankwaso Tsakanin Tawakkali da Neman Magani

Tambayar ko neman magani yana rage darajar tawakkali tsohuwar tambaya ce a wurin malaman Musulunci, sai dai mafi yawan abin da aka rubuta a kanta ya ginu ne bisa maganin da ake sha, ko ƙahon da wanzami ke yi, ko sakiya da ƙarfe mai zafi, wato ayyukan da wani ke yi wa majinyaci shi kuwa yana karɓa. Akwai wata irin jinya da ta saɓa wa wannan tsari, wadda a cikinta majinyacin ne da kansa yake aikata mafi yawan maganin, kullum, tsawon makonni ko watanni, a cikin ɗakinsa, ba tare da mai sa masa ido ba. Jinyar ciwon mahaɗar kwankwaso ta hanyar gashin ƙashi tana cikin wannan rukuni, kuma saboda haka tana tilasta a sake duba ma'anar haƙuri: shin kwanciya ce da jiran sauƙi, ko kuwa dauriya ce a kan wani aiki mai nauyi wanda ba a da tabbacin sakamakonsa?

Kafin a shiga hukunci ya wajaba a san abin da za a yi wa hukuncin. A ƙarshen ƙashin baya akwai wani ƙashi mai kusurwa uku da likitoci ke kira sakrum, wanda ya shige tsakanin manyan ƙasusuwan ƙugu biyu masu faɗi da ake kira iliyum, kuma wurin da suka haɗu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, shi ne mahaɗar sakro-iliyak, wato mahaɗar kwankwaso. Ta nan nauyin kai da ƙirji da ciki yake sauka zuwa ƙafafu, don haka aka ɗaure ta da jijiyoyi masu haɗa ƙashi da ƙashi waɗanda suna cikin mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, har ya zama motsinta bai wuce 'yan digiri kaɗan ba. Idan ta kamu da ciwo, mai shi yakan iya nuna wurin da yatsa ɗaya, ƙasa da ɗamara kaɗan, a gefe guda, kuma zogin yakan gangara zuwa ɗuwawu da bayan cinya, ya tsananta wajen tashi daga zaune, ko hawan bene, ko juyi a kan shimfiɗa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya daga wannan mahaɗa yake tasowa. Daga cikin sanadinsa akwai faɗuwa da ɗuwawu, da haɗarin mota ko babur, da bambancin tsawon ƙafafu, da cututtukan kumburin gaɓoɓi, da kuma juna biyu, lokacin da jijiyoyin ƙugu ke sassautawa don buɗe wa jariri hanya alhali nauyin da ke kansu yana ƙaruwa.

Tarihin sanin wannan ciwo shi kansa darasi ne a kan iyakar ilimin likita. A shekarar 1905 likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Goldthwait da Osgood, suka bayyana mahaɗar a matsayin tushen ciwon baya, kuma aka tafi a kan haka har zuwa 1934, lokacin da Mixter da Barr suka nuna cewa ɓullowar faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya tana danne jijiyar saƙo, sai hankalin likitoci ya koma can, aka yi watsi da mahaɗar tsawon shekaru masu yawa. Har yau hoton ƙashi ba ya isa ya tabbatar da ciwon. Abin da likitan gashi ke yi shi ne ya danna ƙugu ta fuskoki daban-daban yana neman ya tayar da ainihin zogin da majinyaci ya sani, kuma binciken Mark Laslett na ƙasar Niyu Zilan, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa haɗuwar gwaje-gwaje da dama a kan amsa ɗaya ita ce abin dogaro, ba gwaji guda ba. Ƙarin tabbaci yana samuwa ne idan aka yi allurar kashe zafi a cikin mahaɗar aka ga ciwon ya lafa.

Maganin gashi ya ginu ne bisa fahimtar da masu bincike na ƙasar Holan, Vleeming da Snijders, suka shimfiɗa a shekarun 1990, cewa abu biyu ne ke riƙe mahaɗar: siffar ƙasusuwan da suka shige cikin juna, da kuma matsin da tsokoki da jijiyoyi ke yi musu daga waje. Na farko ba ya hannun majinyaci, na biyu kuwa ana iya ƙarfafa shi. Saboda haka ake koya masa atisayen da ke ƙarfafa tsokar ɗuwawu, da tsokar ciki ta can ƙasa, da ƙananan tsokokin da ke jikin ƙashin baya, da na ƙasan mara: ya kwanta rigingine ya lanƙwashe gwiwoyi ya ɗaga ƙugu, ko ya kwanta ta gefe ya ɗaga ƙafar sama, ko ya durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi ya miƙa hannu ɗaya tare da ƙafar ɗaya ɓangaren, sannan a riƙa ƙara masa nauyin aikin sannu a hankali, a haɗa da tafiya a ƙasa. Ana taimaka masa da ɗamara mai matse ƙugu, da ɗumama wurin, da tausa, da sa matashi tsakanin gwiwoyi lokacin barci. Waɗannan na ƙarshe suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma ba su maye gurbin atisaye. Mutane da yawa suna zuwa da zaton cewa ƙashi ne ya goce, suna son a mayar musu da shi kamar yadda maɗori ke gyara targaɗe, alhali wani bincike da Tullberg da abokan aikinsa suka yi a Suwidin a 1998, inda aka auna matsayin ƙasusuwan da hoto mai tsananin daidaito kafin murɗa mahaɗar da bayanta, ya nuna cewa ƙasusuwan ba su sauya wuri ba.

A nan ne rabe-raben da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin yake da amfani. Ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku: wanda aka tabbatar da amfaninsa, kamar ruwa ga mai ƙishi, wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da magungunan likitoci, da wanda amfaninsa tsammani ne kawai mai rauni. Barin na farko ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka, na tsakiya kuwa riƙo da shi ba ya warware tawakkali. Gashin ƙashi yana cikin kaso na tsakiya, kuma binciken zamani ya tabbatar masa da wannan matsayi ba tare da ɗaga shi sama da haka ba. A ƙasar Norwe, Britt Stuge da abokan aikinta sun buga sakamakon gwaji a 2004 a kan mata 81 masu ciwon ƙugu bayan haihuwa, inda waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa ƙugu na makonni 20 ƙarƙashin kulawa suka fi sauran samun sauƙi, har bayan shekara guda. Amma wani gwaji da aka buga a Suwidin a 2010, wanda matan suka yi atisayen ƙananan tsokoki a gidajensu, bai nuna fifiko a kan waɗanda aka bari jikinsu ya murmure da kansa ba. Dangane da hukunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa ko rasa gaɓa ko nakasa, yana zama abin so idan barinsa zai raunana jiki kawai. Ciwon mahaɗar kwankwaso a mafi yawan lokaci yana ƙarƙashin hukunci na biyu, kuma yana iya hawa zuwa na farko idan ya zo da zazzaɓi, ko rama marar dalili, ko kasa riƙe fitsari, ko mutuwar ji a tsakanin cinyoyi, domin waɗannan alamu ne na cutar da ta wuce ta gashi.

Sai dai sanin hukunci bai warware matsalar da ke cikin zuciyar majinyaci ba. Wanda motsi ke tayar masa da zogi yakan guje wa motsi, gudun kuma yakan raunana tsokokin da ke riƙe mahaɗar, ya ƙara masa tsoro, har ƙaramin aiki ya zama abin fargaba. Wannan zagaye ne sananne ga masu nazarin daɗaɗɗen ciwo, kuma shi ya sa likitoci suka daina umartar mai ciwon baya da doguwar kwanciya. Haɗarin da ke nan ta fuskar addini shi ne majinyaci ya sanya wa tsoronsa sunan haƙuri, ya kwanta yana cewa ya miƙa wuya ga ƙaddara, alhali abin da ya miƙa wa wuya shi ne fargabar zafi. Malamai sun kasa haƙuri gida uku: a kan musiba, a kan barin saɓo, da a kan yin ɗa'a. Mai ciwon kwankwaso yana buƙatar na farko don kada ya yi raki ga hukuncin Ubangijinsa, amma jinyarsa ta fi kama da na uku, domin dawwama ce a kan aikin da rai ba ya so, wanda amfaninsa ba ya bayyana a ranar da aka yi shi. Abin lura ne cewa a ƙissar Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, warakar ta zo ne bayan an umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, kamar yadda aka umarci Nana Maryam ta girgiza kututturen dabino tana cikin naƙuda. Ba ƙarfin ƙafar marar lafiya ne ya ɓuɓɓugo da ruwa ba, ba kuma ƙarfin mai naƙuda ne ya zubo da dabino ba, amma duk da haka an nemi motsi daga gare su. Wannan ma'ana ce Bahaushe ya dunƙule a cikin cewarsa tashi in taimake ka. Tun kafin binciken zamani ma, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gabatar da motsa jiki a kan abinci da barci a tsarinsa na kiyaye lafiya.

Mai jayayya zai iya kafa hujja da matar nan mai farfaɗiya da Bukhari ya ruwaito labarinta, wadda aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri, kuma a kan irin wannan ne aka ruwaito daga Imam Ahmad cewa barin magani ya fi ga wanda zai iya jurewa. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ta isa ta hana a zargi wanda ya bar magani da saɓo. Amma ba ta rufe ƙofa ba, domin mai ciwon kwankwaso ba shi kaɗai ciwonsa ya shafa ba. Manomi da ya kasa sunkuyawa, da ɗan acaɓa da ya kasa zama a kan babur, da mai jego da ta kasa ɗaukar jaririnta, duk akwai haƙƙin wasu a wuyansu, kuma haƙurin da zai mayar da nauyin mutum kan iyalinsa alhali yana da hanyar rage shi ba daidai yake da haƙurin wanda ba shi da hanya ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya tafi a kan cewa watsi da sabubban da Allah ya kafa shi ne ke yi wa tawakkali illa, ba riƙo da su ba.

Akwai kuma kuskure na biyu, kishiyar na sanya wa tsoro sunan haƙuri, wanda ya fi yawa ga masu himmar ibada: takura wa jiki da sunan juriya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Imrana ɗan Husaini, wanda ke fama da basir, izinin yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa, da a kwance ta gefe idan ya kasa zama, kuma littafin Ahalari da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ya jera matakai bakwai na sallar marar lafiya. Zaman salla a mazhabar Malikiyya, wanda ake ɗora nauyi a kan ɗuwawun hagu, yana iya tsananta wa wanda mahaɗarsa ta hagu ce ke ciwo, amma siffar zaman mustahabbi ce, barinta ba ya ɓata salla. Sauƙin da shari'a ta bayar gwargwadon lalura ne, don haka wanda zai iya tsayuwa bai kamata ya zauna ba saboda sujada ce ke ba shi wahala, kuma yana komawa cikakkiyar siffa yayin da ƙarfinsa ya dawo. Haka ma kunyar da ke hana mata da yawa zuwa sashen gashi, kasancewar wurin ciwon al'aura ne, tana da mafita a shari'a: a nemi mace likita tukuna, idan ba a samu ba lalura ta halatta abin da jinya ke buƙata, ba ƙari.

Abin da ya fito daga wannan duka shi ne cewa aiki da tawakkali ba su yin takara a kan wuri ɗaya. Atisaye yana hannun majinyaci, kuma za a iya tambayarsa ko ya yi ko bai yi ba; waraka kuwa ba ta hannunsa, ba ta kuma hannun likita, kamar yadda saɓanin sakamakon bincike ya nuna. Wanda ya yi watanni yana atisaye bai warke ba, ba shi da dalilin zargin kansa da raunin imani, kuma hanyoyin allura da sauran jinya suna nan a gabansa. Wanda ya warke kuma ba shi da dalilin jingina warakar ga ƙwazonsa shi kaɗai. Tawakkali a wannan jinya shi ne abin da ke ba mutum damar ci gaba da aikin da ake kyautata zaton amfaninsa ba tare da an yi masa alkawarin sakamako ba, domin wanda ya shardanta wa kansa tabbaci kafin ya motsa ba zai daɗe a kan maganin da ke buƙatar makonni ba.