Shin Maƙeri Na Da Hannu A Jinin Da Bindiga Ta Zubar?

Duk wanda ya hau mota daga Sabon Gari zuwa Shika sai ya ratsa Samaru. Zai wuce Jami'ar Ahmadu Bello inda ake koyar da ilmin sarrafa ƙarfe, kafin ya isa asibitin koyarwa inda likitoci kan ciro harsashi daga jikin ɗan'adam. Tafiyar ba nisa, amma kullum sai ta bar ni da tambaya: wai shin mai basirar da ya gyara bindiga yana da kaso a abin da ta aikata?

Mai karatu, mu fara da harsashi. A shekarun 1890, a masana'antar Dum Dum kusa da Kalkata ta Indiya, Turawan Ingila sun fito da harsashin da ke buɗewa in ya shiga jiki, ya yaga nama. A 1899 taron ƙasashe a birnin Heg ya hana amfani da irinsa a yaƙi. Nan hukunci ba wuya, don an ƙera shi ne musamman domin ƙara azaba.

To amma shafe fa? Ana shafa wa cikin bututun bindiga wani ƙarfe mai suna kurom don kada tsatsa da zafin albarushi su cinye shi. Wannan kamar ba laifi. Hasali ma a yaƙin Biyetnam an rasa sojojin Amurka saboda bindigarsu M16 tana cijewa, kuma rashin wannan shafe na cikin dalilai. Ka ga nan gyaran ƙarfe ceton rai ne.

Sai dai kash! Irin wannan ƙarko ne ya sa AK-47 ke shekara da shekaru tana aiki cikin ƙura da damina, tana yawo daga hannun soja zuwa na ɗan bindiga a dajin Birnin Gwari. Waɗanda suka kalli fim ɗin Lord of War na 2005 sun ga yadda dillali ke wanke kansa da cewa shi ciniki kawai yake yi. Shi kuwa Mika'il Kalashnikov, wanda ya ƙirƙiro ta, bai samu wannan natsuwa ba. Kafin rasuwarsa a 2013 ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambayar ko alhakin waɗanda ta kashe na wuyansa.

A ganina, wanda ya ɗana kunama shi ke da babban kaso, amma maƙeri bai fita zakka ba. Malaman fiƙihu tun tuni sun hana sayar da makami a lokacin fitina, ko da kuwa ƙera shi halal ne. Ke nan tambayar ba ta tsaya ga ingancin aiki ba, ta kai ga hannun da zai riƙe shi.

Saboda haka daga maƙerin adaka na ƙauye har injiniyan DICON da ke Kaduna, kowa ya tambayi kansa kafin ya hura wuta: wa nake yi wa wannan? In bai tambaya a duniya ba, za a tambaye shi gobe ƙiyama. Allah Ya sa mu dace.