Amanar Marubuci da Allon Madannai

Malaman da suka gabata a ƙasar Zamfara, tun daga zaurukan Damri da Bakura har zuwa Mafara da Maradun, ba su ɗauki fiƙe alƙalami da wasa ba, domin sun san Allah Maɗaukakin Sarki ya yi rantsuwa da shi a farkon Suratul Ƙalam, sun kuma san alƙalamin da bakinsa ya lalace yakan sa ɗigo inda ba muhallinsa ba, har wani harafi ya rikiɗe ya zama wani. Wannan illa ita malaman Hadisi ke kira tas'hifi, kuma don gudunta suka lazimci muƙabala, wato gwada abin da aka kwafa da asalinsa kafin a dogara da shi.

Yau da allon madannai na kwamfuta ya gaji alƙalami, sai mas'ala ta taso: shin tsayawa a zaɓe shi yana daga addini, ko kuwa takallufi ne na masu hali? A ganina ƙa'idar malaman Usulu ta wadatar, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma wajibi ne. Mai buga takardar gado, ko ta cinikin gona a fadamun Bakolori, ko aikin ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, amana ce a wuyansa, alhali madannin da ƙurar hunturu ta sa ya maƙale yana iya ƙara sifiri guda ya haddasa husuma tsakanin 'yan'uwa.

Akwai kuma abin da ya keɓanci harshenmu. Jerin haruffan da ke kan allon madannai Christopher Sholes ne ya tsara shi a Amurka saboda Ingilishi, kamfanin Remington ya fitar da shi kasuwa a 1874, don haka babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. Wanda bai ɗora tsarin Hausa a na'urarsa ba kuwa, sai ya nufi baƙi ya rubuta baki.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, nemi allon da madannansa ke da taushi da tazara daidai yatsunka, wanda ba ya tilasta maka karya wuyan hannu, gama gajiya ita ke haifar da gafala. Bayan haka kada ka bar muƙabala, domin kyawun kayan aiki ba ya ɗauke wa ma'aikaci hisabi.