Shayin Ganye da Ciwon Maƙoƙo a Ma'aunin Shari'a

A Gwiwa da Roni da sauran garuruwan masarautar Kazaure ba a rasa citta da kanumfari da na'a-na'a a tukunyar mai shayi, kuma babu malamin da ke jayayya cewa su da zoɓo da zogale halal ne masu amfani ga jiki. Inda magana ta taso shi ne ranar kasuwa, sa'ad da aka ƙulla waɗannan ganyayen a leda, mai mota ya ɗaga lasifika yana shelar cewa suna warkar da maƙoƙo, yana kafa hujja da sunan maganin Musulunci.

Maƙoƙo kumburi ne na tayirod, wato wani ɗan nama da ke gaban wuya, wanda ke sarrafa sinadarin aidin ya fitar da ruwan da ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da girman ƙwaƙwalwar jariri. Baligi yana buƙatar mikirogiram 150 na aidin a kullum, mai juna biyu 250, kuma ƙarancinsa ne babban sanadin kumburin, shi ya sa Najeriya ta wajabta sanya shi a gishiri a 1993. Sai dai cutar fuska biyu gare ta, domin idan naman ya gaza mutum yakan yi nauyi da kasala da jin sanyi, idan kuwa ya wuce kima sai rama da gumi da rawar hannu su biyo baya. Hankali ba ya karɓar cewa kofi ɗaya zai ƙara abin da ya gaza ya kuma rage abin da ya yi yawa, kuma gwajin jini ne ke bambance su.

Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya tabbatar da cewa kowace cuta tana da magani, amma ya rataya waraka a kan dacewar maganin da cutar, sannan da izinin Allah, kuma wannan sharaɗin ne masu talla suka fi tsallakewa. Ko a kan habbatus sauda, wadda hadisi ya yabe ta yabo mai faɗi, Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari fahimtar Khaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka keɓaɓɓu. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙara gaba, inda ya ɗauki magungunan da aka ruwaito a matsayin al'adar Larabawa da ba ta cikin wahayi, ko da yake ba kowane malami ne ya bi shi ba.

Nauyin ya fi hawa kan mai sayarwa, domin Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba tare da an san shi da ilimin likitanci ba. Matar da ta rufe kumburin wuyanta da mayafi, ta ajiye ƙwayar da likita ya rubuta mata saboda alkawarin mai leda, an cuce ta, kuma shari'a tana kiran wannan ciniki yaudara. Shan shayin halal ne, amma wanda wuyansa ya kumbura asibiti ya kamata ya nufa a auna jininsa.