Abin da ka bari, wa ya ci shi?

Yau tambaya guda na kawo maka. In mutum ya hana ma bakinshi abin da shi ke so, ko ya fid da kaya daga ɗakinshi, wa ya ci riba? Shi ne, ko wani, ko babu kowa? Ni ban taɓa tunanin wanga abu ba, sai ranar da na kusa rasa aboki saboda tsire.

Ina da aboki a Maradi. Tela ne, Kirista ɗan Katolika. Ni Musulmi ne, manomi. Garinmu ba shi da nisa da birni. Kasuwar Maradi tana ci Litinin da Juma'a. Duk Juma'a, in na sayar da abin da na kawo, sai in biya shagonshi. In dare ya yi mu tafi bakin tasha, wurin mai tuwo-tuwo, mu ci shinkafa, mu ƙara da tsire. Wanga mako shi biya, mako mai zuwa in biya. Mun daɗe a haka.

A shekarar 2025 watan azumi ya kama a farkon Maris. Ran Juma'a 7 ga wata, bayan na sha ruwa, na sayi tsire mai zafi na kai shago, don rannan ni ke da biya. Na buɗe takarda, na tura gabanshi. Sai ya ce: "Malam, na gode, Allah shi ƙara buɗi. Amma yau ba ni cin nama." Na ce to mu tafi wurin mai tuwo-tuwo. Ya ce: "Can ma na bar zuwa, sai bayan kwana 40."

Ban tsaya jin sauran magana ba. Na naɗe tsirena, na yi sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata ya raina abin hannuna ne, ko kuwa wani ya shiga tsakaninmu. Juma'ar da ta biyo na ci kasuwa na koma gida, ban leƙa shi ba.

Uwargidana ta lura. Ta ce: "Malam, ka tambaye shi dalili?" Na ce a'a. Ta ce: "To da wa ka ke fushi, da shi ko da abin da ba ka sani ba? Zumunta a ƙafa take." Ta yi gaskiya. Rashin sani ya fi dare duhu. Juma'a ta uku na tafi gidanshi da la'asar.

Can ya bayyana mini. Kiristoci ƴan Katolika suna da azumi na kwana 40, suna ce mishi Karem da Faransanci. Suna tunawa da kwana 40 da Yesu, wato Annabi Isa, ya yi cikin jeji shina azumi. Ana farawa ran Laraba, wadda a ke ce ma Larabar Toka, don rannan limaminsu na shafa musu toka a goshi, su tuna mutum ƙasa ne. Ana gamawa da babbar sallarsu, Pak, wadda Kiristocin Najeriya ke ce ma Ista. A 2025 sun fara ran 5 ga Maris, Pak ta kama 20 ga Afrilu. Ɗauki alƙalami ka ƙirga: daga 5 ga Maris zuwa 19 ga Afrilu kwana 46 ne. Cire Lahadi 6, don ba su azumi ran Lahadi. Saura 40.

Azuminsu ba irin namu ba ne. Suna shan ruwa da rana. Ran Larabar Toka da ran Juma'a ta ƙarshe kafin Pak, babba mai lafiya ba shi cin abincin ƙoshi sai sau 1. Duk Juma'a ta cikin Karem ba su cin nama, amma suna cin kifi. Bayan haka kowa na zaɓen abin da za shi bari don kanshi: wani taba, wani giya, wani goro. Kuma abu 3 ke tafiya tare: addu'a, azumi da sadaka.

Na ce: "To, ƙaƙa duk shekarun nan ban gani ba?" Ya yi dariya ya ce: "Malam, sake na ke yi da shi. Bana da na ga kun ɗauki naku, mako guda da namu, sai kunya ta kama ni." Ka san shekarar wata ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Shi ya sa watan azumi ke zagayawa, har ya zo ya tarar da Karem, wanda kullum ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu.

Sa'an nan ya shiga ɗaki ya ɗauko wani gwangwanin madara. Ya girgiza shi, na ji ƙarar kuɗɗi. Ashe ba ran Juma'a kaɗai shi ke zuwa bakin tasha ba. Kullum in ya rufe shago sai ya biya can ya kashe dala 100, alhali an aje mishi tuwo a gida. Yanzu kowane dare dala 100 ɗin nan cikin gwangwani su ke shiga. Dala 100 sau 40, dala 4,000 ke nan, wato jika 20.

Na ce: "Madalla, ka samu kuɗɗin rigar salla." Ya girgiza kai. Ya ce: "In na bar tsire don in ɗinka riga, ban bar kome ba. Na fid da kuɗɗi daga aljihun dama na sa a na hagu. Wanga ba azumi ba ne, adashi ne." Kuɗɗin na wata maƙwabciyarsu ne da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya 4. Duk ran kasuwa matar abokina na auno mata hatsi da wake, ta kai mata da dare, ba wanda ya gani.

Ka ji amsar farko, mai karatu. Mai rowa ma yakan kwana da yunwa, amma ba wanda ke yabonshi. Hana ma kai kaɗai ba alheri ba ne. Abin da ka bari sai ya isa hannun wani kafin shi zama alheri.

Muna cikin magana na ga an tara kaya a tsakar gida. Ga riguna, ga takalman yara, ga tukwane 2, ga tabarma, ga ƙyallaye buhu guda. Matarshi ce ta fiddo su, za a rarraba. Nan fa ban yarda ba. Na ce mata: "Uwargida, ki yi hankali. Mu mutanen karkara mun san abin da ajiya ke yi. Iyayenmu sun ga yunwar 1973. Mun ga ta 1984, wadda anka sa ma suna El Buhari. Mun ga ta 2005. Waɗanda sunka tsira da mutuncinsu, masu abin sayarwa ne: akuya, tasa, kwalla, zane. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya."

Kai ma, mai karatu, na san abin da za ka ce ke nan. Kuma gaskiya ne. Wanda ya zubar da hatsin rumbu don a ce mishi mai kyauta, wawa ne, kuma ya zalunci ɗiyanshi.

Amma ji amsar da ta ba ni. Ta ɗaga labule ta nuna mini jeren kwallayenta, suna nan ba ta taɓa ko guda ba. Ta ce: "Malam, waɗanga ajiya ne. Ranar wuya sun zama hatsi. Amma dubi wanga takalmi. Yaron da ya sa shi yanzu ya fi ni tsawo. In na ƙara mishi shekara 3 a ƙarƙashin gado, ɓera da gara za su ci shi. A bayan katangar nan kuwa akwai yaro mai zuwa lakkwal ƙafa ba takalmi." Na yi shiru.

Ga amsa ta biyu. Akwai ajiya, akwai ɓoyo. Ajiya tana jiran ranarta, kuma ka san ranar. Ɓoyo ba shi jiran kome sai lalacewa. In kana son ka rarrabe su, yi ma kowane abu tambaya 3. Na yi aiki da shi tun damana 2 da sunka wuce? In wuya ta zo, shina sayuwa? Na san wani mai bukatarshi yau? In amsa ta zamo a'a, a'a, i, to abin nan ba naka ba ne kuma. Tsaronshi kawai ka ke yi.

Saura tambaya mai wuya. Ba da abin da ba ka so, kyauta ce ko shara? Na faɗa ma abokina haka, cikin wasa. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma abin ya dame shi. Ya nuna mini wani tsohon keken ɗinki a lungu, an rufe shi da zane. Da shi ya fara sana'a. Shekara da shekaru bai taka shi ba, don ya sayi sabo, amma kullum shina share mishi ƙura. Yaron shagonshi ya ƙware, ya isa buɗe nashi wuri, ba shi da keke. Abokina ya ce: "Riguna ba su yi mini zafi ba. Wanga shi ke yi mini zafi. Shi ya sa na san shi ne sadakar." Ya ce ran Pak za shi ba yaron. Na ga hannunshi bisa keken, bai ɗauke ba har munka tashi.

Ban ce ba da tsohuwar riga banza ne ba. Mai jin sanyi ba ruwanshi da ko kana son rigar ko ba ka so. Amma kada mu ruɗi kanmu. Kyautar da ba ta taɓa ka ba tana gyara ɗaki. Wadda ta taɓa ka ita ke gyara zuciya.

Da rana ta faɗi, sai ga uwargida da dabino da kunu, ta aje gabana. Sun san ina azumi, sun jira ni. Na yi salla, na dawo na tarar da dambu. Tsakin masara ta turara a madambaci, ta haɗa da ganyen zogale da albasa da tattasai, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ta zuba man gujiya. Babu nama ko tsoka guda. Munka sa hannu a kwano guda, ni da shi, yara na gefe da nasu. A bakin tasha hayaniya ba ta barinmu mu yi magana mai tsawo. Rannan na ji labarin ciwon babanshi, wanda bai taɓa gaya mini ba. Shi ma ya ji labarin bashin da ke bisa kaina.

A hanyar gida na duba kaina. Mu Musulmi muna yini ba ci ba sha, kwana 29 ko 30. Amma gidaje nawa ne kuɗɗin cefane ke ƙaruwa cikin watan azumi? Gidana na ciki. Abin da na hana ma cikina da rana, ina biyanshi da riba da dare. Addininmu bai bar mu cikin duhu ba, ya aza muna zakkar kono kafin sallar idi, mudu 4 irin na Annabi a kan kowane mutum na gida, don talaka shi ci ran salla. Amma ni na mai da ita iyakar abin da ni ke bayarwa, alhali ita ce mafi ƙanƙanta.

Washegari na fiddo kayan ɗakina. Na samu hauya 2 da ba ni aiki da su, da fitila, da babbar riga da ta matse ni. Na ba da su. Na kuma samu rediyon babana, Allah shi jiƙanshi. Wani tsoho maƙwabcina, wanda idonshi ya mutu, ya daɗe shina son rediyo. Na ɗauka, na mayar. Na sake ɗauka, na mayar. Ba ni yi maka ƙarya, sai bayan kwana 9 na iya kai mishi. Yanzu da dare ina jin muryarta ta bisa darni.

Kada ka ce na hana ka cin abinci a kasuwa. Mai tuwo-tuwo ma da sana'arta ta ke ciyar da ɗiyanta, kuma zama da aboki a bakin tasha ba laifi ba ne. Juma'ar da ta biyo bayan Pak munka koma wurinta. Ta ce: "Ina kunka shiga? Na ce ko kun yi fushi da miyata." Munka ci shinkafa, munka ƙara da tsire, ni na biya. Ban taɓa jin daɗin tsire kamar na rannan ba. Amma abokina bai koma zuwa kullum ba. Ran Juma'a kaɗai, sauran kwanaki gida. Gwangwanin kuwa bai jefar da shi ba.

To, mai karatu, in kun taru wurin karatu, ku tattauna waɗanga tambayoyi. Mi ke cikin ɗakinka wanda gara ta fi ka amfani da shi? Mi ka ke kashe ma kuɗɗi kullum wanda za ka iya bari kwana 40, kuma nawa za shi tara? Rubuta lissafin da hannunka. In ka gama, rubuta sunan mutum guda a ƙarƙashin lissafin, wanda abin za shi isa gare shi.

Allah shi ba mu abin bayarwa, shi ba mu zuciyar bayarwa. Amin.